Gidan Linne a Suwidin: me za a gani a kwana biyu, kuma ina busassun tsirransa suka tafi?

Nafisa:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Akwai taron ilimi a birnin Uppsala na ƙasar Suwidin cikin watan Yuli, kuma bayan an tashi akwai rarar kwana biyu kafin a juyo Jos. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar. Gidan Karl Linniyas, mutumin da ya tsara sunayen tsirrai na kimiyya, yana da abin gani har da zai cinye kwana biyun nan, ko leƙawa ce ta awa guda? Kuma ana nuna busassun tsirran da ya tara a can?

Dakta Ladi:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Fara da gyara abu biyu. Na farko, a can ba kasafai za ki ji an ce Linniyas ba, Linne suke ce masa, kuma a allunan hanya Linné za ki gani. Na biyu, gidan ba ɗaya ba ne, biyu ne, kuma nan baƙi suka fi yin kuskure.

Akwai na cikin gari, a titin Svartbäcksgatan lamba 27, tafiya ce ta ƙafa daga tashar jirgin ƙasa. Gidan farfesa ne na jami'a, a cikinsa ya zauna daga 1743 har rasuwarsa ranar 10 ga Janairu 1778. Lambun da ke jikin gidan ya girme shi, domin Olof Rudbeck ne ya kafa shi tun 1655. Gobarar 1702 ta lalata shi, Linne ya same shi kango ya tayar. Wanda za ki gani yau an sake shimfiɗa shi ne daga 1917 bisa zanen 1745, kuma ƙa'idarsu ita ce a shuka abin da aka san an noma a wurin a zamaninsa. Nau'in tsirrai sun haura 1,000.

Na biyu shi ne Hammarby, gidan gonarsa, kudu maso gabas da gari, tsakanin kilomita 10 da 15 gwargwadon hanyar da aka bi. Ya saya a 1758, ya gina babban sashen a 1762. Gwamnatin Suwidin ta saye shi daga zuriyarsa a 1879, yanzu Jami'ar Uppsala ke kula da shi. Ki ba na cikin gari rana ɗaya, Hammarby rana ɗaya. Ba za su isa su haɗu a yini guda ba in dai gani ake so ba hoto ba.

Bitrus:
Ƙari kan maganar Dakta: akwai lambu na uku da ke rikita mutane. In kika ce wa direban tasi ya kai ki lambun tsirrai, zai iya kai ki babban lambun da ke ƙasan tsohuwar fadar sarki, wanda ake kira Botaniska trädgården. Na Linne sunansa Linnéträdgården. Dalilin zamansu biyu shi ne tsohon yana dab da kogin Fyris, ƙasarsa na jiƙe, ruwa kan shiga. Sai Sarki Gustav na 3 ya ba jami'a lambun fada a 1787, ɗalibin Linne mai suna Thunberg ya kwashe tsirran zuwa can. Shi ma sabon ya cancanci awa biyu da yamma, domin a ɗakin ɗuminsa, inda ake killace tsirrai daga sanyi, har yau akwai itatuwa a cikin manyan tukwane da suka rage tun na zamanin Linne.

Nafisa:
Na gode Anti Ladi, na gode Yaya Bitrus. Saura batun busassun tsirran.

Bitrus:
Ba sa Suwidin. Suna Landan. Kuma labarin yadda aka yi suka bar ƙasar shi ne abin da ya fi kamata mai aikin adana busassun tsirrai irinmu ya je Hammarby ya gani da idonsa.

A 1766 an yi wata gobara a Uppsala da ta kusa cin gidan Linne. Tsoro ya kama shi, sai a 1769 ya gina ɗan ɗakin dutse a kan tudu bayan gidan Hammarby, ya zuba tarinsa a ciki. Don gudun wuta, bai yi wa ɗakin murhu ba. To a ƙasar da sanyi ke kai ruwa ya daskare wata da watanni, ɗakin dutse marar wuta matattarar laima ne. Ya tsere wa gobara ya faɗa hannun danshi. Bayan rasuwarsa ɗansa ya tarar fumfuna da ɓeraye da ƙwari sun yi ɓarna, ya kwashe kayan ya mayar cikin gari. Ɗan ya rasu a 1783 ba magaji, mahaifiyarsa, matar Linne, ta nemi mai sayen tarin. Wani matashin Ba'ingile ɗan shekara 24, James Edward Smith, ya biya gini 1,000, tsohon kuɗin zinariyar Ingila, aka loda kayan a jirgin ruwa a 1784. Shi ne ya kafa ƙungiyar Linnean Society a 1788, kuma tarin, takardun tsirrai kimanin 14,000, yana hannunta a Burlington House, cikin ɗakin ƙarƙashin ƙasa da ake daidaita zafinsa da danshinsa. Sun ɗauki hotunansu sun sa a intanet, daga nan Jos ma kina iya buɗe takardar tsamiya ko ta yakuwa ki ga rubutun hannunsa.

Ɗakin dutsen yana nan. Ki hau tudun, ki dubi kaurin bangon da ƙanƙantar wurin. A nan ne kuma kujerar da yake hawa ya karantar da ɗalibai take.

Baba Audu:
Bitrus ya taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. 'Yata, wannan ciwon namu ne sak, sai dai mu damina ke kawo shi ba ƙanƙara ba. Jos na samun ruwa kusan milimita 1,400 a shekara, kuma Yuli da Agusta bango kansa gumi yake yi. Duk kabad ɗin tsirrai da aka jingina da bangon waje, ko aka ajiye a kan siminti kai tsaye, kafin Satumba farin gashi ya fito a kan takardun ƙasa. Ƙa'ida: a ɗaga kabad santimita 15 daga ƙasa, a bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da bango, a rataye ma'aunin danshi a ɗakin. Ƙasa da kashi 60 cikin 100 lafiya. Da ya wuce 70 ya zauna a can kwanaki, fumfuna ta samu gida. Gara kuma ta ƙarƙashi take zuwa, ba ta sallama, shi ya sa kabad na ƙarfe ya fi na katako a nan.

Abu ɗaya da Linne ya yi daidai, kuma har yau shi ake bi: kafinsa mutane ɗinke takardun suke yi kamar littafi. Shi ya bar kowace takarda a sake, tsiro ɗaya takarda ɗaya, a jera a kanta. In sabon nau'i ya zo sai a cusa shi tsakanin 'yan uwansa, in an gane an yi kuskure sai a zare a canza masa wuri. Wanda bai taɓa neman tsiro ɗaya cikin dubu ba zai ga abin ƙarami ne.

Dakta Ladi:
Gaskiya ne Baba. Nafisa, kada batun Landan ya sanyaya miki gwiwa, abin da ya rage a Hammarby ba a samunsa a wani wuri. Ɗakin karatunsa da ɗakin kwanansa a bene, bangonsu duka an lulluɓe da zanen tsirrai da aka ciro daga littattafai aka manna, tun daga ƙasa har rufi. Na ɗakin kwana masu launi ne, aikin mai zane Georg Ehret. Na ɗakin karatu na tsirran Amurka ne da Charles Plumier ya zana. Takardun asali ne, sun haura shekara 250 a jikin katako, shi ya sa ba a shiga cikin gidan sai da jagora, ƙungiya-ƙungiya, a lokutan da aka tsayar. Ki duba lokacin zagayen da ake yi da Turanci a shafin jami'ar tun kafin ranar, ki isa da wuri. Jakar goyo kan gogi bango a ɗakuna masu ƙunci, ki sauke ta. Hoto kuma ki tambayi jagora tukuna.

A lambun cikin gari, ki shiga da gilashin ƙara girma mai ninki 10, in ba haka ba za ki ga furanni ne kawai ba tsari ba. Fangalin an jera su bisa azuzuwansa 24, kuma ƙirgar tana kan 'yan zaren namiji na cikin fure, waɗanda ke ɗauke da bununi. Aji na 1 zare ɗaya, na 2 biyu, haka har 10. Daga aji na 14 sai a koma duban yadda suke: aji na 16 zaren sun haɗe sun zama bututu guda, kamar furen yakuwa da kuɓewa da auduga. Aji na 17 sun rabu ƙulli biyu, kamar wake mai tara haɗe ɗaya a ware. Aji na 21 namiji da mace furanni daban a jikin tsiro ɗaya, masara ke nan, tutu a sama gemu a ƙasa. Aji na 22 namiji da mace kowa da itacensa, irin gwanda. Na 24 marasa fure. Gefe ɗaya na lambun na masu shekara da shekaru ne, ɗaya gefen na masu mutuwa bayan kaka ɗaya ko biyu, ga tafkuna uku a gaban ɗakin ɗumi don tsirran kogi da na tabki da na fadama.

Ɗanjuma mai lambu:
Dakta, a gafarce ni, tambayar jahili. In tsarin ya yi kyau haka, me ya sa ba a koyar da shi yanzu?

Dakta Ladi:
Tambaya ce mai kyau Malam Ɗanjuma. Domin ƙirga ce, ba dangantaka ba. Ɗauki tsamiya. Furenta zare uku ne masu aiki, sai ya sa ta aji na 3, tare da rake da alkama. Alhali kowa ya ga kwanson tsamiya ya san 'yar ɗakin su wake da ɗorawa da gawo ce. Shinkafa kuma, da take ciyawa kamar alkama, zarenta shida ne, sai ta tafi aji na 6. Shi kansa ya san tsarin na sauƙaƙa ganewa ne kawai. Abin da ya rayu shi ne suna mai kalma biyu, na dangi da na nau'i, wanda ya yi amfani da shi kan tsirrai kusan 6,000 a littafinsa Species Plantarum na 1753. Har yau daga 1 ga Mayu 1753 ake fara lissafin ingancin sunayen tsirrai masu fure.

Amfaninsa kuwa ga shi a kasuwar Farin Gada. Dankalin Turawa da dankalin Hausa suna ɗaya muke ba su, amma na Turawa, Solanum tuberosum, ɗan uwan tumatir da gauta ne, na Hausa kuma Ipomoea batatas, gidansu daban. Shi ya sa cutar da ke ƙone ganyen dankalin Turawa a Bokkos da Mangu cikin damina take kama tumatir, ta bar dankalin Hausa. Manomin da ya san haka ba zai bi gonar dankalin Turawa da tumatir ba.

Harafin L. da kuke gani bayan suna shi ne Linne: Tamarindus indica L., Hibiscus sabdariffa L., Arachis hypogaea L. na gyaɗa, Lawsonia inermis L. na lalle. In kuka ga L ɗin cikin baka, kamar Sorghum bicolor (L.) Moench na dawa, ma'anarsa shi ya fara raɗa sunan, wani daga baya ya mayar da tsiron wani dangi.

Malam Sabo:
Jama'a ku yi mini haƙuri, zan ɗan ja birki. Ana ta yabon mutumin kamar kafinsa duniya ba ta san tsiro ba. Abu Hanifa Dinawari ya rubuta Kitabun Nabat kafin shekara ta 900 miladiyya. Ibnul Baiɗar, wanda ya rasu a Dimashƙa a 1248, ya tattara magunguna da abinci kusan 1,400. Kalmar Tamarindus ɗin ma daga Larabci take, tamar hindi, dabinon Indiya, ga shi kuma itacen asalinsa na Afirka ne, an laƙaba masa indica. Kuka fa? Adansonia digitata, sunan wani Bafaranshe, Michel Adanson, don ya gan ta a Senegal wajen 1749. Kakanninmu sun shekara dubbai suna miya da ita. Ɗorawa ta zama Parkia saboda Mungo Park. Linne bai taɓa taka ƙafarsa wajen Turai ba.

Kuma akwai abin da ya fi wannan nauyi, wanda bai kamata 'yarmu ta shiga gidan ba ta sani ba. A bugu na 10 na Systema Naturae, 1758, ya kasa 'yan Adam bisa nahiya da launi, ya ba kowa hali. Baturen Turai ya ce doka ke mulkinsa, mutumin Afirka ya siffanta shi da kasala da sakaci, ya ce son rai ke jan sa. Masu cinikin bayi da waɗanda suka biyo bayansu sun samu abin dogara a irin wannan rubutu.

Dakta Ladi:
Allah ya gafarta Malam, babu kalma ɗaya a maganarka da zan musa. Batun kasa mutane gaskiya ne, rubuce yake, kuma ita kanta ƙungiyar da ke riƙe da kayansa a Landan ta fito ta yi bayani a kai ba tare da ɓoyewa ba. Nafisa ta yi wa jagora tambayar kai tsaye, haƙƙinta ne.

Inda zan tsaya kawai shi ne bambanci tsakanin sanin tsiro da rajistar sunansa. Bai gano kuka ba, kuma sunan Latin bai fi namu daraja ba. Aikinsa ɗaya ne: ya sa mai bincike a Zariya da na Bamako da na Khartum su tabbata itace ɗaya suke nufi. Ko a cikin Hausa, itacen da Bakano zai ce darbejiya, wani dogon yaro zai ce, wani maina, wani bedi. Gwandar daji kuma ba ta haɗa komai da gwanda ba. In maganar magani ake yi, irin wannan saɓanin kan kai mutum asibiti.

Malam Sabo:
Na yarda da amfanin, Dakta. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ɗauki sani daga bakin maharbi da unguwarzoma da Bafulatanin ruga, a rubuta sunan wanda ya riƙe alƙalami kawai.

Baba Audu:
Malam Sabo, a nan kam ka yi gaskiya, amma bari in sanyaya maka rai da abu biyu. Itacen doka da ya cika dazukan Kudancin Kaduna da Bauchi da Neja, sunansa na kimiyya Isoberlinia doka. Kalmar ta biyu Hausa ce tsantsa. Iburu kuma, ɗan uwan acca, Digitaria iburua. Duk masanin duniya da zai ambace su sai ya yi Hausa.

Kalmar farko ta doka ma tana komawa gidan da ake magana. Berlinia daga sunan Andreas Berlin ne, ɗalibin Linne da ya rasu a gaɓar Gini a 1773. Kawo kuma, Afzelia africana, daga Adam Afzelius ne, shi ma ɗalibinsa, wanda ya je Saliyo a 1792. Wani ɗalibin, Peter Forsskål, ya rasu a Yaman a 1763, kuma shi ya riƙa rubuta sunayen Larabci na abin da ya tara. To Nafisa, in jagora ya zo kan ɗalibansa da suka bazu duniya, ki san biyu daga cikinsu sunansu na tsaye a dajinmu.

Wanda ya yi wa sunayen Hausa hidima sosai shi ne likitan nan ɗan Sikotlan, J. M. Dalziel, da ya yi aiki a Arewa farkon ƙarni na 20. Ya fitar da ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa a 1916, sannan littafin tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma a 1937. Hano, wanda wasu ke ce wa ararraɓi, sunansa ya ɗauka: Boswellia dalzielii. Amma ko shi, mutanen da suka nuna masa itatuwan ba mu san yawancinsu ba. Gyaran wannan a hannun masu tarawa na yau yake.

Bitrus:
Shi ya sa takardar bayani ta fi tsiron kansa muhimmanci. Tunda an zo nan, ga yadda ake yi, don ɗaliban da ke zauren.

Matsi: firam biyu na katako, santimita 30 da 45, gara mai ramuka kamar taga da falanki rufaffe, don iska ta ratsa. A jera kwali, jarida, tsiro cikin jarida, kwali, haka har sama, ramukan kwalin duka su kalli gefe ɗaya. A ɗaure da igiya biyu ko robar taya, a ƙara tamkewa kullum domin kayan na saki yayin da suke bushewa. A yanko reshe mai fure ko 'ya'ya, ganye kaɗai sau da yawa ba ya isa ganewa. A juya ganye ɗaya ko biyu bayansu ya kalli sama. Ciyawa a tumɓuke ta da saiwa, in ta yi tsawo a lanƙwasa ta, kada a yanke.

Jarida a canza kullum kwana huɗun farko, a Agusta safe da yamma. Wanda ya bar ta kwana uku a damina zai buɗe ya tarar da baƙin ganye mai wari. Zafin busarwa tsakanin digiri 35 da 45, a tsayar da matsin a gefensa bisa akwatin da aka sa ƙwan lantarki mai zafi a ciki. In zafi ya yi yawa tsiron dahuwa yake yi, ya yi ruwan ƙasa ya riƙa karyewa. In ya yi kaɗan, irin su ɗorawa da bagaruwa sai 'yan ganyen su zube su bar tsinke. Masu ruwa a jiki, kamar ƙerana da ake shinge da ita a ƙauyukan Filato, ba sa mutuwa a matsi, har toho suke yi. Sai an tsaga su an kashe da sifirit ko ruwan zafi tukuna. A sa safar hannu da tabarau, ƙullun ƙerana in ya shiga ido yana iya makantarwa.

Bayan bushewa a ƙulle cikin leda, a sa a firiza mai sanyin digiri 18 ƙasa da sifiri, aƙalla awa 72 ba yankewa, mako guda ya fi. In wuta ta ɗauke ta narke, lissafi ya koma farko, ƙwan ƙwari bai mutu ba. In an fito da shi kada a buɗe ledar sai bayan yini guda, don raɓar ta kwanta a bayan leda ba a kan tsiro ba. A manna a farar takarda mai kauri, santimita 29 da 42, da farin gam na kafinta, reshe mai kauri a ɗinke da zare. Salatif haramun ne a wannan aiki, shekara kaɗan yake yin rawaya ya saki ya bar tabo.

Takardar bayani: wuri da lambobin taswira, tsayin wurin daga teku, kwanan wata, sunan mai tarawa da lambarsa, tsawon itacen, launin fure da ƙanshinsa tun yana ɗanye domin duka suna gushewa. Sai sunan gida da harshen da aka faɗe shi, Hausa ne ko Birom ko Afizere ko Fulatanci, da amfaninsa, da sunan wanda ya faɗa in ya yarda a rubuta. Wannan layin na ƙarshe shi ne amsar Malam Sabo.

Baba Audu:
Kuma a tara uku-uku. Ɗaya a gida, ɗaya rumbun tsirrai na cibiyar binciken gandun daji a Ibadan, ɗaya Zariya. Rumbun Balin na Jamus ya ƙone a yaƙi cikin Maris 1943, da ɗimbin samfuran Afirka na asali a ciki. Cikin abin da ya tsira akwai wanda aka riga aka raba wa wasu wurare. Sannan duk mai taɓa tsofaffin takardu na zamanin Turawa ya wanke hannu, da yawansu an shafe su da gubar zaiba don korar ƙwari.

Ɗanjuma mai lambu:
To Hajiya Nafisa, in ana sayar da iri a can, a taimaka mana da na furanni. Sanyin Jos ai ya yi kusa da nasu.

Dakta Ladi:
Malam Ɗanjuma, sanyin bai yi kusa ba. Daren hunturu a Jos yakan sauka wajen digiri 10 zuwa 12, wannan kuwa daren bazararsu ne. Yawancin tsirran Hammarby masu daɗewa, irinsu ba ya tsirowa sai ya kwana makonni cikin sanyi mai laima na digiri 0 zuwa 5. Ko ka yi dabarar firij ya tsiro, ga matsalar tsawon rana: Uppsala a Yuni rana na kai awa 18 da ɗoriya, Jos kuwa kullum tana wajen awa 12. Tsiron da ke jiran doguwar rana kafin ya yi fure zai yi ta ganye har ya gaji.

Wanda ya yi nasara kuma shi ne abin tsoro. A Hammarby akwai wani fure rawaya ɗan Sabiriya, Corydalis nobilis, da aka aiko wa Linne irinsa a 1765, yana zaton wani tsiro ne daban. Ya fice daga fangali ya bazu, har yau yana nan. Mu ma ga lantana, furen ado ce aka shigo da ita, dubi yadda ta shaƙe gefen dajin Amurum a Laminga. Ta fuskar doka ma, shigo da iri Nijeriya sai da izinin hukumar killace kayan gona ta NAQS da takardar lafiyar tsiro daga ƙasar da ya fito. A lambunan kuma ba a tsinkar komai, ko ƙwayar da ta faɗi.

Hajiya Rabi:
An sha ilimi, bari in kawo na hanya, 'yata. Bizar Shengen ce, wadda ƙasashen Turai da dama suka haɗu a kai: kuɗinta Yuro 90, inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000, fasfo mai sauran wata 3 bayan ranar fitowa da shafi biyu fanko. Ana karɓar takardu tun wata 6 kafin tafiya, kada ki jira Yuni. Ki tabbata kwana biyun nan suna cikin kwanakin da kika nema da na inshora, nan ake yawan tuntuɓe, wasiƙar gayyata ta ƙare ranar rufe taro, biza ma ta ƙare ranar.

Kuɗinsu kurona ne ba Yuro ba, kuma wurare da yawa ba sa karɓar tsaba sam, har bas. Ki je da katin da kika tabbatar yana aiki a waje. Daga filin jirgin Arlanda zuwa Uppsala minti 20 ne a jirgin ƙasa, ba sai kin shiga Stockholm ba. Kilishi da dambun nama da man shanu kada su shiga jaka, Tarayyar Turai ta hana, haka ɗanyen ganye da 'ya'yan itace in ba takarda.

Gidajen biyu daga Mayu zuwa Satumba suke buɗe, Litinin kuma ranar hutun gidajen tarihi ce a mafi yawan lokuta, ki duba kada ɗaya daga kwanakinki ya faɗa kanta. Bas ɗin ƙauye a bakin babban titi take saukewa, sauran a taka, don haka in za ki ɗauki tasi zuwa Hammarby ki shirya ta dawowa tun kafin ya tafi. In kin ga an rubuta Danmark a hanya kada ki firgita, sunan ƙauyen ne ba ƙasar ba. Rigar ruwa da suwaita ɗaya sun isa, kamar Agustan Jos.

Malam Sabo:
Batun salla kuma. A Yuli rana na faɗuwa wajen ƙarfe 10 na dare, ta fito wajen 4, kuma shafaƙi ba ya ɓacewa gaba ɗaya. Manhajojin waya kowace da lissafinta na Isha da Asuba, za su ruɗa ki. Akwai masallaci a Uppsala tun 1995, ki bi jadawalinsu. Alƙibla daga can kudu maso gabas take, ta fi karkata kudu, ba gabas da muka saba ba. A jikin abinci in kin ga fläsk ko gris ko skinka, alade ne.

Bitrus:
Na manta ɗaya. Akwai hanyar ƙafa daga gari zuwa Hammarby, ɗaya daga hanyoyin da yake fita da ɗalibai tsintar tsirrai, an kafa mata alamu. Mai ƙarfi zai iya tafiya da ƙafa ya dawo a mota, amma sai an fita da sassafe don kada zagayen gidan ya wuce. Ciyawar yankin akwai kaska, kuma tasu tana ɗauke da cutar da ke taɓa ƙwaƙwalwa da wata mai sa jan zobe a fata. Dogon wando a cusa cikin safa, takalmi rufaffe, da dare a duba bayan gwiwa da ƙugu da hammata. In an same ta a kama ta dab da fata da ɗan hantsaki a ja a miƙe, ban da man fetur ko ashana irin yadda ake yi wa ta shanu.

Nafisa:
Allah ya saka da alheri, iyayena. Ga yadda na tsara: ranar farko lambun cikin gari da gidan da safe, babban lambu da yamma. Rana ta biyu Hammarby, tasi zuwa, in hau tudun ɗakin dutse kafin lokacin zagaye. Anti Ladi, kabarinsa fa, yana Hammarby ne?

Dakta Ladi:
A'a, yana cikin babbar majami'ar Uppsala, dutse ne shimfiɗe a daɓe kusa da ƙofar shiga, mutane kan taka su wuce ba su lura ba. Tana kan hanyarki tsakanin lambunan biyu, minti 15 ya isa. Ki ƙara abu ɗaya a jakarki: jerin tsirranmu 20 masu L. a ƙarshen suna, kowanne da sunansa na Hausa a gefe. Ki bi fangalin masu mutuwa a shekara da tukwanen gaban ɗakin ɗumi da shi, ki yi alama kan duk wanda kika samu, ki rubuta lambar ajin da aka sa shi. Fara da riɗi, Sesamum indicum, ki ƙirga zarensa: huɗu ne, biyu dogaye biyu gajeru, aji na 14.